Amsa: Shin da gaske an taɓa yin yaƙin da bai kai awa ɗaya ba?

Malam, tambayarka ko an taɓa yin yaƙin da ya ƙare cikin mintuna, ai kuwa an yi, a tsibirin Zanzibar, ranar 27 ga Agusta 1896.

Sarki Hamad bin Thuwaini ya rasu ranar 25 ga wata, sai ɗan'uwansa Khalid bin Barghash ya shiga fada ya hau gado ba tare da yardar Turawan Ingila ba, su kuwa Hamud bin Muhammad suke so. Suka ba shi wa'adin ƙarfe 9 na safe ya sauka. Ya ƙi, ya tara mutane kusan 2,800, yawancinsu fararen hula da bayi da dogaran fada. Wa'adi na cika jiragen ruwan yaƙi suka fara luguden wuta a kan fadar, wadda akasarinta katako ne. Cikin kimanin minti 40 komai ya lafa. Mutanen Khalid kusan 500 suka mutu ko suka jikkata, a ɓangaren Ingila sojan ruwa ɗaya ne ya ji rauni. Ni dai ina ganin kisan gilla ne aka yi, kuma abin yana sosa min rai.

Khalid ya fake a ofishin jakadancin Jamus da ke bakin teku. Ranar 2 ga Oktoba, da ruwa ya cika ya kawo har bakin ƙofa, Jamusawa suka matso da kwale-kwale, ya taka kai tsaye ya shiga, ƙafarsa ba ta taɓa ƙasar da za a kama shi ba. Suka wuce da shi Darussalam. Sai a lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya Ingila ta kama shi, ya rasu a Mombasa a 1927.