Shekara 6 ina zuba ta, ban taɓa kurɓa ba

Ƙanena, da na karanta tambayarka sai na ji kamar ni na rubuta ta. Ka ce ka samu aikin kai abinci tebur a wani gidan cin abinci nan Yamai, baƙi na tambayarka wace giyar inabi ce ke tafiya da kifi, wacce da nama, kai kuwa ba ka taɓa kai ta baki ba, kuma ba ka da niyya. Ni ma haka. Shekara 6 na yi ina buɗe kwalba ina zubawa, har yau ban san ɗanɗanonta ba.

Daga Tawa na zo, abin da na sani kawai akwai fara akwai ja. Sati na 3 da kama aiki, cikin watan Afrilu, zafi ya haura 40, wani Bature ya zo da baƙinsa suka ce a gasa musu giwan ruwa. Ya ce in zaɓo musu abin sha da kaina. Na shiga ɗakin ajiya na ɗauko Bordeaux ja, giyar wani yankin Faransa, don ita na ga ta fi tsada. Na taɓa jin cewa ja ba a sa ta firigo, da ɗumin ɗaki ake ba da ita. To ɗakin namu rufin kwano ne, ga shi an ɗauke wuta tun safe, kwalbar ta yi ɗumi kamar ruwan wankan jego. Mutumin ya kurɓa, ya yamutsa fuska, ya aje. Shi bai ce komai ba. Shugabanmu ne ya taso daga can, ya fizge kwalbar daga hannuna, ya kira ni baƙauye, da Faransanci kuma, don baƙin su ji da kyau. Ya ce in koma Galmi in yi noman albasa, shi ne daidai da ni. Ina tsaye da tawul a hannu, gumi na bin bayana, matar da ke teburin ta sunkuyar da kai don kunya. Ƙarshen wata ya yanke mini jaka 25 daga albashi. Daga baya na ji ashe ya sanyaya ragowar ya saida ta kofi-kofi ya zuba kuɗin aljihu. Mutumin da ko sau ɗaya bai zaunar da ni ya nuna mini komai ba! Na yafe wa mutane da yawa a wannan aiki, shi dai har yanzu in na tuna sai raina ya ɓaci.

Wani tsohon kuku ɗan Togo ne ya ji tausayina. Shi ya ce mini ɗumin ɗakin da ake faɗa na ɗakin Faransa ne. Ja tana son digiri 16 zuwa 18, fara 8 zuwa 12. A Yamai ko jar ma sai ka ɗan sa ta firigo kamar minti 20. Fara kuma ka kai ta cikin bokitin ƙanƙara, kada ka jefa ƙanƙara cikin kofi sai in mai sha ya nema da bakinsa.

Abin da ya buɗe mini kai shi ne maganar bauri. Kukun ya ce ka san yadda goro ko shayi na farko ke kama harshe? Haka jar take, daga ɓawon inabin baurin ke fitowa. Nama mai kitse na kashe shi, shi ya sa tsire da gasasshen rago ke tafiya da Bordeaux ko Côtes du Rhône. In baurin ya haɗu da kifi kuwa sai ya bar wani ƙarni kamar na ƙarfe a baki, laifina na ran nan ke nan. Giwan ruwa farar mai ɗan tsami take so, aikin da lemun tsami ke yi a kan kifi shi take yi: Muscadet ko Sancerre daga yankin kogin Loire, ko Chablis. Zabo da kaza ka ba su ja marar nauyi, Bourgogne ko Beaujolais. In abincin ya ji yaji, irin kilishinmu, ja mai bauri ƙara masa wuta take yi. Nemi farar Alsace mai ɗan zaƙi kamar Gewurztraminer, ko rosé, wato mai launin ruwan hoda, mai sanyi.

Ko ba ka iya karanta takardar jikin kwalba da sauri ba, dubi kafaɗarta. Ta Bordeaux kafaɗa a tsaye, ta Bourgogne a zube, ta Alsace doguwa ce siririya. Kwalba ɗaya santilita 75 ce, kofi 6 ke nan, kada ka cika wa na farko har na ƙarshe ya rasa. Wanda ya yi oda shi za ka fara ɗiga wa kaɗan ya ɗanɗana. In ka buɗe ka ji warin jiƙaƙƙen kwali, ta lalace, mai da ita tun kafin ta kai tebur. Hanci ya ishe ka wannan.

Kuma kar ka yi ƙarya. Ni nakan ce ba na sha, amma masu cin kifin nan wannan suka fi nema. Ban taɓa ganin baƙon da ya ji haushin haka ba. Abin da ya fi damuna ma ba baƙi ba ne, tsohona ne. Har ya rasu ce masa nake ruwa da lemo kawai nake kaiwa. Wannan ɓangaren ka zauna da malaminka, kar ka bar shi ya yi ta cin ka a ciki kamar yadda ya ci ni. Ni dai da na samu wuri a inda bisab da lemun citta kaɗai ake saidawa, ban waiwaya ba, ko da yake albashin bai kai ba.

Af, na manta. Ka sayi mabuɗin kwalba naka na kanka, ka riƙa yawo da shi a aljihu. Na wancan gidan lanƙwasasshe ne, sau 2 yana karya mini matoshi cikin wuyan kwalba, kuma ka san wanda ya biya.