Kulocin gaba na babur ɗin ƙanƙara ya ƙi fita: yaya za a cire shi ba tare da an yi wa injin lahani ba?

Tambaya: Malam, ina da babur ɗin tafiya a kan dusar ƙanƙara mai silinda biyu, kuma ina so in cire kulocin gaba, wato wanda ke kan karanshaf, babbar sandar injin da ke juyawa, domin in canza sil ɗin da ke bayansa, wato robar da ke hana yoyo. Na cire bel, na kwance dogon notin tsakiya, na zura fula, wato ƙarfe mai haƙora da ake ɗaurewa don zaro kuloci, na ɗaure iya ƙarfina, amma kulocin ko gezau bai yi ba. Wani abokina ya ce in sa bindigar iska, ko kuma in riƙa dukan kan fular da babbar guduma har ya saki. Shin wannan shawara daidai ce?

Amsa: Malam, ina roƙonka ka ajiye gudumar da bindigar iskar tukuna, domin abin da nake jiye maka ba kulocin ba ne, karanshaf ne. A yawancin injinan wannan babur masu bugu biyu, karanshaf ba ƙarfe ɗaya ba ne da aka zuba. Gunduwa-gunduwa ne da aka matse su cikin juna da injin matsi, aka daidaita su har suka miƙe sak. Duk dukan da ka yi wa kan fula yana bi ta cikin sandar ya sauka a kan boris ɗin da ke riƙe da ita, kuma duka mai tsanani yana iya sa ƙwayoyin boris su yi tabo a mazauninsu, ko ya gusar da gunduwoyin nan daga saitinsu. Ba a ganin wannan ɓarna a ranar. Sai bayan an yi 'yan tafiye-tafiye injin ya fara karkarwa, sabon sil ɗin ya fara yoyo, bel yana cinyewa da wuri, sannan mutum ya gane abin da ya jawo wa kansa.

Yana da kyau ka san abin da ke riƙe da kulocin, domin daga nan maganin yake. Ƙarshen karanshaf yana tsukewa a hankali kamar bakin mazurari, kuma ramin da ke cikin kulocin an sassaƙa shi daidai da wannan tsukewa. A kan injuna da yawa kaurin wurin ya kai milimita 30, kuma yana raguwa da milimita 1 a kowane tsawon milimita 10. Aikin notin tsakiya shi ne ya tura kulocin ya hau wannan wuri har ƙarafan biyu su cije juna, kuma cizon nan ne yake ɗaukar dukan ƙarfin injin zuwa bel. Saboda haka ko an cire notin, cizon yana nan daram. Idan kuma aka ɗaure notin fiye da kima a baya, ko danshi ya shiga ya kawo tsatsa, ko kulocin ya taɓa zamewa a kan sandar har ƙarafan suka goge juna da zafi, sai cizon ya ƙara tsanani.

Kafin komai, ka tabbata fular da ke hannunka ta wannan kulocin ce. Ta Polaris daban, ta Ski-Doo daban, haka ta Arctic Cat da ta Yamaha, kuma ko a kamfani ɗaya tsawo da haƙora suna bambanta daga wani samfuri zuwa wani. Fula ta gaskiya haƙoranta suna kama haƙoran cikin kulocin, tsininta kuma ya wuce cikin ramin karanshaf ya tokare ƙasansa ba tare da ya taɓa haƙoran ramin ba. Idan ta gajarta, za ka yi ta ɗauri a banza. Idan kuma tsininta ya yi kauri, haƙoran karanshaf za ta ci, wanda gyaransa ya fi wahalar da kake ciki yanzu. Ka fito da ita ka duba ko ta lanƙwashe ko bakinta ya baje. In lafiyarta ƙalau, ka shafa giris a haƙoranta da tsininta, domin busasshiyar fula tana cinye mafi yawan ƙarfin hannunka wajen gogayya. Ka cire hulunan fulogi don kada injin ya tashi, ka riƙe kulocin da ƙarfen riƙewa da aka yi dominsa, sannan ka ɗaure da doguwar sifana a hankali, ba da fizga ba.

Idan ya ƙi, ka bar fular a ɗaure tamau, ka tafasa ruwa ka riƙa kwarara shi a tsakiyar kulocin, wajen da ya rungumi sandar. Ɓangaren waje ne yake fara ɗaukar zafi, ya buɗe kaɗan kafin zafin ya kai ga sandar, kuma sau da yawa wannan ɗan buɗewar ya isa. Ruwan zafi ba ya wuce digiri 100, don haka ba zai ƙona komai a jikin kulocin ba, saɓanin wutar gas wadda take iya lalata bushin ɗin da ke cikin kulocin, wato zobban da sassansa ke zamewa a kansu, ta raunana alminiyam, ga kuma haɗarin fetur a kusa. Akwai kulocin da ake bari a ɗaure da dare, da safe a tarar ya saki da kansa. Ɗan ƙwanƙwasa kan fular sau ɗaya ko biyu da ƙaramar guduma, alhali tana ɗaure, wasu makanikai suna yi, ni ma ba zan ce haramun ba ne, amma iyakarsa ke nan.

Dabarar da na fi amincewa da ita ga kulocin da ya yi taurin kai ita ce ta ruwa, kuma ita nake so ka natsu ka fahimta. Ka rufe fetur in akwai makullinsa, ka cire batir in mai ruwa ne, ka kwantar da babur ɗin a gefen damansa yadda kulocin zai kalli sama, domin a yawancin waɗannan babura a hagu yake. Ka zuba ruwa cikin ramin notin a hankali har ya cika ya tumbatsa, kana ɗan jira kumfar iska ta fita. Wannan mataki shi ne ruhin aikin, saboda iska tana matsuwa, ruwa kuwa kusan ba ya matsuwa. In ka bar iska a ciki, ita za ta shanye ƙarfin ɗaurin. Sai ka naɗe haƙoran fular da farin tef irin na masu aikin famfo, ka yi masa naɗi mai kauri, ka mayar da ita ka fara ɗaurewa. Da zarar tef ɗin ya toshe hanyar fita, ruwan zai matsu a tsakanin ƙarshen karanshaf da cikin kulocin, ya riƙa tura su su rabu.

Abin da ya sa wannan ya fi ƙarfin fula ita kaɗai lissafi ne mai sauƙi. Matsin ruwa yana turi daidai wa daida a kan kowane ɓangare na abin da ya taɓa. A misali, idan kaurin abin da kake ɗaurewa milimita 15 ne, fuskar sandar kuma milimita 30, to faɗin fuskar ya ninka sau 4, don haka ƙarfin da ke raba su ya ninka naka sau 4, kuma turin yana zuwa a miƙe ta ko'ina ba tare da duka ba. In ka ga ruwa yana tsatsowa ta gefen haƙora, ka kwance ka ƙara tef ka sake cikawa. Ba kasafai ake dacewa a karon farko ba. Wasu suna amfani da giris ko man inji a madadin ruwa, kuma yana aiki, sai dai wanke shi daga baya aiki ne, alhali wurin ba ya son maiƙo ko kaɗan. Lokacin da zai saki za ka ji ƙara mai ƙarfi kamar wani abu ya karye, kulocin ya yi ɗan tsalle, saboda haka kada ka sa fuskarka a saitinsa.

Abubuwa biyu kada ka kusance su ko da ranka ya ɓaci. Kada ka zura ƙarfe a bayan kulocin ka ɓanɓara, kuma kada ka sa fula mai ƙafa uku ta kama gefen farantin kulocin, domin farantin alminiyam ne da ke juyawa sau dubbai a minti ɗaya, kuma tsagewar da ido ba ya gani tana iya sa shi ya tarwatse ana cikin gudu. Haka nan kada ka tayar da injin alhali notin tsakiya ba ya ciki da nufin kulocin ya saki da kansa.

Bayan ya fita, ka tsane ruwan da ke cikin ramin karanshaf sarai, da iska in kana da ita, don kada ya kawo tsatsa ko ya daskare. Ka goge tsukakken bakin sandar da cikin kulocin da soso mai ɗan kaushi har tsatsar ta tafi, ka wanke su da maganin wanke birki, ka bar su a bushe, babu giris, babu mai. Tun da ka riga ka ɗaure fula da ƙarfi, kuma sil kake shirin canzawa, ka sa agogon awo a bakin sandar ka juya injin da hannu ka ga ko tana rawa fiye da abin da littafin gyara na kamfanin ya yarda. Wajen mayarwa, ka ɗaure notin da sifana mai auna ƙarfin ɗauri, daidai adadin da littafin samfurinka ya faɗa, sannan bayan ka tayar da injin ya ɗan yi aiki, ka kashe shi ka sake auna ɗaurin, domin kulocin yakan ƙara zama a kan sandar bayan juyin farko.