Dalilin rubuta taku da sallamawa a gasar ces

Ɗana, ka tambaya me ya sa 'yan gasar ces suke rubuta duk takun da suka yi, kuma don me wani zai miƙa hannu ya sallama tun ba a gama da sarkinsa ba.

Rubutun doka ce ta FIDE, hukumar ces ta duniya. Kowa da takardarsa, yana rubuta takunsa da na abokin karawarsa, kuma sai ka taka sannan ka rubuta. Idan lokacinka ya gaza minti 5, agogo kuma ba ya ƙara maka daƙiƙa 30 a kowane taku, an ɗauke maka rubutun. Ranar gardama kan neman canjaras takardar ce shaidarka, ko kan maimaita yanayi ɗaya sau 3, ko kan taku 50 babu ci babu motsin soja.

Albarkacin rubutun ne har yau ake nazarin wasa na 6 tsakanin Fischer na Amurka da Spassky na Tarayyar Soviet a Reykjavik, 1972. Kowa ya san Fischer da buɗewa da tura soja zuwa gidan e4 (harafi da lamba su ne sunan kowane gida a allo), sai ya shammaci Spassky da c4. Wasan ya karkata zuwa salon buɗewar da ake kira Queen's Gambit, Spassky ya bi tsarin Tartakower, wato tura soja h6 sannan b6.

Ka shimfiɗa allonka ka duba taku na 14. Sarauniyar Fischer tana a3, ya kai bishof b5. Spassky ya tura a6 don ya kore shi, amma barazanar banza ce: in ya ci bishof ɗin, sarauniya ta cinye hasumiyar a8, don dokin b8 ya tare mata ɗauki. Kai sarauniya b7 ya kamata, gwanin ces ɗin Soviet Geller ya nuna haka a 1973. Daga nan Fischer ya bar shi da sojoji biyu a c5 da d5 marasa majingini, ya ci bishof ɗin e6 da doki, ya kawo e4 a taku na 20. Da Spassky ya tura d4, gidan c4 ya buɗe wa bishof, sauran kuwa matsi ne kawai.

A taku na 41 Spassky ya sallama, har ya taya 'yan kallo tafi. A wurin gwanaye, jan wasan da ya riga ya mutu raina abokin karawa ne. Amma kai mai koyo kada ka yi gaggawar sallamawa, tsaranka suna yawan kuskure. In ta tabbata, ka tsayar da agogo, ka miƙa hannu, ku sa hannu a takardun biyu.