Zauren Makiyaya: Amsoshin Tambayoyinku a Kan Zakaran Asil

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sayi zakara da kaza, mai sayarwa ya ce Asil ne. Sai na ga tsakiyar ƙirjin zakaran babu gashi, fatar ta yi ja. Ciwo ne? Kuma ta yaya zan gane na gaske ne? (Mai karatu daga Kano)

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kwantar da hankalinka, halittarsa ce. Gashin Asil gajere ne, mai tauri, manne da jiki, shi ya sa ƙashin ƙirji da kan kafaɗu kan fito fili, iska da rana su mayar da fatar ja. Abin da zai sa ka damu shi ne ka ga ɓawo ko ƙuraje a wurin, ko ka buɗe gashin gindin wutsiya da dare ka ga ƙananan ƙwari suna gudu.

Asalin wannan kaza ƙasashen Indiya da Pakistan ne, sunan kuwa daga Larabci ya zo, tushensu ɗaya da kalmarmu ta "asali". Ɗauke shi ka ji nauyinsa tukuna: na gaske yakan fi yadda ido ya ƙiyasta nauyi, don tsoka ce zalla cure a jiki. Tsayuwarsa a miƙe take, kafaɗu buɗe, wutsiya ta sunkuyo ƙasa. Baki gajere mai kauri, ido fari-fari a ƙarƙashin gira mai tudu, zanko ƙarami mai layi uku, naman da ke lilo ƙarƙashin baki kuma kusan babu shi. In ka ga dogon zanko mai haƙora irin na zakarun gida, akwai gauraye. Ƙananan, da ake kira Reza, zakaransu bai cika wuce kilo 3 ba; manyan, wato Kulang, sukan haura kilo 4.

Tambaya: Kazata ta ƙyanƙyashe tsaki takwas. Da suka kai mako shida sai suka fara faɗa har da jini, ɗaya ya rasa ido. Me na yi ba daidai ba? (Mai kiwo daga Zariya)

Amsa: Allah Ya mayar da alheri. Inda aka kuskure shi ne barin su tare ba tare da sa ido ba. Shekaru aru-aru aka yi ana zaɓen wannan iri a kan rashin ja da baya. Tsakin gida in suka gwada ƙarfi, wanda aka fi sai ya gudu, magana ta ƙare. Ɗan Asil ba ya gudu, don haka faɗan ba ya ƙarewa da kansa. Yakan soma tun daga mako huɗu zuwa takwas, ya fi yawa bayan uwa ta yaye su, ko ranar da ruwan sama ya jiƙa su ko laka ta ɓata musu kai suka kasa gane juna. Matan ma suna yi.

Saboda haka a tanadi keji kafin a sa ƙwai, ba bayan an ga jini ba. Kowane zakara da ɗakinsa, aƙalla faɗin mita 1.5 da tsawon mita 2.5. Waya kaɗai ba ta isa shamaki ba: za su yi ta dukan juna ta ramukanta har yatsu su karye, baki ya tsage. A toshe ƙasan shamakin da katako ko kwano, tsayin mita ɗaya, yadda ba za su ga juna ba. Sandar kwana ta zama mai faɗin santimita 5, gefenta a goge, kada ta wuce santimita 60 daga ƙasa, a zuba yashi ko ɓuntun shinkafa a ƙarƙashi. Tsuntsu ne mai nauyi. In yana dirowa daga sama a kan siminti, tafin ƙafarsa zai kumbura ya tara mugunya mai tauri, jinyar wannan kuwa tana da wuya.

Wanda ya ji rauni a ware shi, a wanke da ruwan gishiri mai ɗumi, ƙaramin cokali ɗaya a rabin lita, a shafa aidin amma ban da ido. Kada a mayar da shi cikin 'yan'uwansa, don ko kwana biyu ya yi a ware sun ɗauke shi baƙo. Muna kuma roƙon masu kiwo kada su haɗa su faɗa da gangan. Malamai sun hana zuga dabbobi a kan juna, Ingila ta haramta faɗan zakaru tun 1835, dokar Indiya ta 1960 a kan zaluntar dabbobi ita ma ta hana. Da mutane kuwa Asil yana da saurin sabo, har yakan ci a tafin hannun mai shi.

Tambaya: Ina ba nawa abincin burola don su yi saurin girma, yanzu ɗaya yana zama a kan gwiwa. Ina mafita? (Hajiya daga Maraɗi)

Amsa: Hajiya, a dakatar da wannan abincin yau. Akwai dangantaka tsakanin Asil da burola: da jinin Asil aka samar da kazar Kwanish a Ingila a ƙarni na 19, ita ce kuma ta ba burola faɗin ƙirjin nan. Amma burola a mako shida zuwa takwas ake yanka ta, Asil kuwa sai ya haura shekara kafin ya cika. In nama ya riga ƙashi girma, ƙafa ce ke biya.

Daga ƙyanƙyasa zuwa mako takwas a ba su abincin tsaki mai furotin kashi 20 cikin ɗari, daga nan a koma na masu tasowa mai kashi 16. Gero ko dawa ɗan kaɗan da yamma ba laifi, amma kada hatsi ya wuce kashi ɗaya cikin goma na abin da suke ci, don yana tsarma abincin. A ƙara da ganyen zogale, ƙananan tsakuwa, da filin tono a rana. Zakara kada a ɗora shi a kan abincin kajin ƙwai. Sinadarin kalsiyam da ke ciki ya yi masa yawa, yana wahalar da ƙoda. Kaza mai ƙwai a ajiye mata dakakken ɓawon kawa a wani kwano daban. Wanda ya riga ya durƙusa, a sa masa bitamin a ruwa na kwana biyar, a ajiye shi a kan shimfiɗa marar santsi. In ƙafa ɗaya ta miƙe gaba, ɗayar kuma baya, a kai wa likitan dabbobi, domin wannan alamar cutar Marek ce.

Tambaya: Kazata ƙwai tara kawai ta yi ta kwanta. Kafin nan kuma ta yi yawo da zakaran gida. Tsakin za su fito tsantsa? (Mai karatu daga Agadas)

Amsa: Ƙwai tara ba gazawa ba ce. Asil a shekara ba ta cika wuce 40 zuwa 70 ba, sai dai wajen kwanci da tsaron 'ya'ya ba a samun kamarta. Tsakin kam kada ka ƙirga su tsantsa. Kaza tana riƙe maniyyin zakara a jikinta har mako biyu zuwa uku. Ware ta tsawon mako huɗu, sannan ka haɗa ta da zakaran da ka zaɓa, ka fara tara ƙwai bayan kwana uku. Kada ƙwan ya wuce mako guda a ajiye, tsininsa a ƙasa, a wuri mai sanyi. Ƙyanƙyasa kwana 21 ce. Kafin haɗin, goge tsinin ƙaimin zakaran da magagari, tsinin kawai, don akwai jini a ciki. In ba haka ba zai tsaga mata haƙarƙari a ƙarƙashin fiffike, inda ba a gani sai ya ruɓe. Kuma a guji haɗa zakara da 'yar'uwarsa zubi bayan zubi, don ƙyanƙyasa za ta ragu, yatsu su fara karkacewa.

Tambaya: Ance suna da ƙarfin jiki, ko ba sai an yi musu rigakafi ba? (Matashi daga Gusau)

Amsa: Sai an yi. Zafi suna jure shi, amma cutar Niyukasil da ke share kaji da hunturu ba ta barin su. A ba tsaki rigakafinta mai suna Lasota a mako na farko zuwa kwana goma, a maimaita a mako na uku zuwa huɗu, sannan duk wata uku. Inda babu firij mai tabbas, a nemi rigakafin I-2 na cibiyar binciken dabbobi ta Vom da ke jihar Filato, wanda ya fi jure zafi, ɗigo ɗaya a ido. Rigakafin cutar Gumboro a kwana 14, a sake bayan kwana goma. Na ƙyandar kaji a fatar fiffike a mako shida zuwa takwas. Rigakafin da ake bayarwa a ruwan sha a haɗa shi da ruwan rijiya marar kulorin, a janye musu ruwa awa ɗaya kafin nan, su shanye cikin awa biyu. Da yake gashinsu kaɗan ne, a rufe ɓangaren arewa da gabas na kejin da buhu a daren hunturu, a bar sama a buɗe iska ta fita. Sabon tsuntsu daga kasuwa kuma ya yi mako uku shi kaɗai kafin ya kusanci sauran.