Zan iya zuba reshe a dam don tara kifi?

Tambaya: Malam, ni mai kamun kifi da ƙugiya ne a dam ɗin Goronyo. Ina so in nutsar da rassan bagaruwa a wani lungu don kifi ya taru, amma masu jefa birgi sun ce zan yaga musu kaya. Sai na nemi izini? Daga wani mai karatu a Wurno.

Amsa: Ɗan'uwa, dabararka tana ci. Gansakuka ke kama jikin reshen, karfasa ta zo kiwo, tarwaɗa ta samu maɓoya. Masuntan Jamhuriyar Benin sun daɗe suna yin haka, suna kiransa akaja.

Sai dai ruwan ba na gidanku ba ne. Dam ɗin yana hannun Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima, kuma da shi ake noman rani. Reshen da bai ɗauru da dutse ba, igiyar ruwa na iya kai shi bakin ƙofofin sakin ruwa. Fara da Sarkin Ruwa, sannan ka je sashen kula da kamun kifi na jiha, ka nemi amincewarsu a rubuce.

Masu birgi kuwa suna da gaskiya. Na taɓa zama gefen wani dattijo yana ɗinke birginsa tun hantsi har la'asar, saboda ƙaya ɗaya. Bar bagaruwa, nemi reshe marar ƙaya, ka kafa gora mai tsumma a kai kowa ya gani. Kuma kifin da ya taru wurin, duk mai ƙugiya zai iya kamawa.