Python ko zanen ƙarfe da kabon, wanne ke gaba?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko ka jingine darasin tamodainamik (ilimin zafi da makamashi) da zanen yanayin ƙarfe da kabon (mai nuna tsarin da ƙarfe ke ɗauka gwargwadon zafi da yawan kabon), ka duƙufa kan Python, yaren rubuta manhajar kwamfuta, tunda aikin kammala digirinka hasashen taurin ƙarfe ne ta hanyar koyar da na'ura. Kada ka jingine shi, haɗa su za ka yi. Awa ɗaya kullum kan pandas da scikit-learn, kayan aikin Python na sarrafa bayanai da koyar da na'ura, ta wadatar, kuma ka fara da lissafin miƙaƙƙen layi (linear regression) kafin ka taɓa manyan samfura. Kar ka dogara da rumbun bayanan Materials Project a wannan aikin: lissafin kwamfuta ne kan tsarin kiristal, ba awon ƙarfen da ya sha wuta ba.

Dalili shi ne sinadaran da ke cikin ƙarfe kaɗai ba sa faɗin taurinsa. Ɗauki mai kabon kashi 0.8 cikin ɗari, ka zafafa shi ya wuce digiri 727 na Celsius. In ka tsoma shi a ruwa ya zama matensait, wato tsari mai tsananin tauri, taurinsa ya haura 60 a ma'aunin Rockwell C. In ka bar shi ya huce a cikin tanderu, falait za ka samu, wato tsari mai ɗan laushi, ko 30 ba zai kai ba. Saboda haka dole teburin bayananka ya ƙunshi zafi, daɗewa a wuta da yadda aka sanyaya. Wajen raba bayanai kuma, nan ɗalibai suka fi faɗuwa: gutsattsarin ƙarfen da aka narka tare su zauna ɓangare ɗaya, ko na koyarwa ko na gwaji, in ba haka ba na'urar hadda kawai ta yi.