Hukuncin shigar da ƙwayoyin gado cikin ƙwaƙwalwa ta hanyar sauti

Tambaya: Malam, mahaifina yana fama da cutar karkarwa ta Parkinson. Na ji ana binciken hanyar kai ƙwayoyin gado cikin ƙwaƙwalwa da igiyar sauti, ba tare da an buɗe kai ba. Wani ɗan'uwa ya ce wannan canza halittar Allah ne, kuma ai tsufa ba shi da magani. Ya halatta?

Amsa: Allah Ya ba mahaifinka lafiya, Ya saka maka da alheri kan ɗawainiyarsa.

Sai mun fahimci abu kafin mu yanke masa hukunci. Allah Ya sanya wani shinge tsakanin jini da ƙwaƙwalwa, yana tare guba, amma yana tare magani ma. Likitoci sukan zuba ƙananan kumfa a jijiya, su auna wuri guda da igiyar sautin da kunne ba ya ji bisa jagorancin na'urar MRI mai ɗaukar hoton cikin jiki. Kumfan su motsa, shingen ya buɗe na wasu sa'o'i, sannan ya rufe. A wannan tsakani ake son ƙwayar bairos da aka cire wa cutarwa ta shiga ɗauke da saƙon gyara, wato ƙwayoyin gadon da ake son kaiwa. An fara buɗe shingen a jikin zomaye a 2001, a jikin mutum kuma a asibitin Sunnybrook na Toronto a 2015. Kai ƙwayoyin gado ta wannan hanya kuwa, galibin gwajinsa a kan ɓeraye da birai yake.

Asalin neman magani halal ne. A hadisin Usama bn Sharik da Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito, Annabi (SAW) ya umarci bayin Allah su nemi magani, ya ce babu cutar da ba ta da magani sai tsufa. Ɗan'uwanka ya riƙi ƙarshen hadisin, amma Parkinson ba tsufa ba ce. Mutuwar wasu ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ce masu samar da sinadarin dofamin. Tana kama mai shekara 40, tana kuma ƙyale mai 90.

Canza halittar da aka zarga a Suratun Nisa'i, aya ta 119, ɓata abin da yake lafiyayye ne. Mayar da gaɓa kan aikinta ba ya ciki. Annabi (SAW) ya umarci Arfaja bn As'ad ya sa hancin zinariya bayan an yanke nasa. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa, wato Ƙungiyar Musulmin Duniya, a zamanta na Makka a 1998, ta halatta amfani da wannan ilimi wajen magani matuƙar bai jawo cutar da ta fi ba. Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa kuma ba sa wucewa ga zuriya, don haka babu taɓa nasaba.

Inda nake jan hankalinka shi ne abin bai wuce gwaji ba. Shinge na rufewa, amma saƙon da aka dasa ba a iya tsamo shi. Saboda ƙa'idar "babu cuta, babu cutarwa", shiga gwajin ya halatta ne in ƙwararru amintattu suka rinjayar da amfani, hukuma ta amince, kuma mahaifinka ya yarda da bakinsa bayan an faɗa masa haɗarin dalla-dalla. Kada son da kake masa ya sa ka amsa a madadinsa alhali hankalinsa na nan. In cutar ta taɓa hankali, waliyyi ne zai sa hannu, kuma maslahar mara lafiyan kaɗai zai duba. In ya ƙi, babu laifi a kansa. Ya ci gaba da magungunan da likitansa ya rubuta masa.

Wallahu a'alam.